Kafin a ɗora wa manhaja laifi: gyara kan kallon fim tare daga nesa

Malam Edita, assalamu alaikum.

Muna roƙon ɗan fili a shafin wasiƙu don mu tofa albarkacin bakinmu kan wani abu da ya fara samun karɓuwa: 'yan'uwa ko abokai da ke zaune nesa da juna su sa lokaci su kalli fim guda a dare guda, kowa daga ɗakinsa, fim ɗin yana fitowa daga wata kwamfuta da ke gidan ɗayansu. Wannan kwamfutar ita ake kira sabar. Aikinmu haɗa na'urori ne da layukan sadarwa, kuma koken da ake ta maimaitawa iri ɗaya ne. An kashe kuɗi an sayi na'ura mai ƙarfi, an saka manhaja, amma da an fara kallo sai fim ya riƙa tsayawa, wani yana gaba wani yana baya, har a gaji a watse. Daga nan sai a ce manhajar ce ba ta da kyau. Galibi ba ita ba ce. Matsalar tana wurare biyu da ba a cika leƙawa ba: ƙarfin layin gidan wajen aikawa, da irin fayil ɗin da aka ajiye.

Manhajojin da aka fi sani uku ne, Plex da Emby da Jellyfin. Jellyfin ta ɓalle ne daga Emby a ƙarshen 2018, bayan masu Emby sun daina sakin tushen manhajarsu ga jama'a. Jellyfin kyauta ce, kuma tun fitowar 10.6 a 2020 take da tsarin kallo tare mai suna SyncPlay. Plex ma ta fito da nata a 2020, sai dai a 2025 kamfanin ya sanar cewa sababbin manhajojinsa ba za su zo da shi ba, ya kuma mayar da kallon fayilolin mutum daga wajen gida abin biya. Don haka bayaninmu zai karkata ga Jellyfin, ko da yake lissafin layi da na fayil bai canzawa ko wacce aka ɗauka.

A fara da fahimtar yadda ake haɗa kan masu kallo. Sabar ba ta watsa hoto guda ga kowa kamar tashar talabijin. Kowane mai kallo nasa yake ja daban, abin da ake haɗawa kawai umarni ne da agogo. Kowace na'ura tana yawan tambayar sabar lokaci, ta auna tsawon jinkirin amsar, ta gane tazarar da ke tsakanin agogonta da na sabar. Idan wani ya danna a ci gaba, sabar ba ta cewa a fara yanzu. Cewa take a fara a daƙiƙa kaza, daga wuri kaza, don umarnin ya isa ga kowa kafin lokacin ya yi. In daga baya wata na'ura ta zame kaɗan, tana iya ƙara gudun fim ɗin na ɗan lokaci har ta cim ma saura. In tazarar ta yi yawa, sai ta tsallaka. Ƙa'idar da ke jawo duk rigimar ita ce wannan: da na'urar mutum ɗaya ta cinye abin da ta tara ta tsaya jira, sabar za ta tsayar da kowa har sai ya shirya. Tafiyar ayari ce, gudunta gudun raƙumin da ya fi kowa gajiya. Saboda haka ba a yin shiri don mai layi mai kyau, don mai rauni ake yi.

Kamfanonin intanet saurin saukewa suke tallatawa, amma mai sabar saurin aikawa ne ya dame shi. Layin da aka sayar a matsayin megabit 100 zai iya zama aikawarsa 10 ko 20 ne kacal. A auna shi da kwamfutar da ke kan kebul, da dare, daidai lokacin da za a riƙa kallon, sau da dama, a ɗauki adadin da ya fi ƙanƙanta. Sannan a zauna a yi lissafi. Fim mai girman 1080p da aka matse da kyau yana cin kimanin megabit 8 a daƙiƙa, na 720p kuma 3 zuwa 4. Wanda aka kwafo kai tsaye daga faifan Blu-ray ba tare da matsewa ba yakan ci 20 zuwa 35, na 4K kuwa ba a ma maganarsa a nan. Mutum biyar a waje, kowa megabit 8, ya zama 40. Kuma wannan adadin matsakaici ne. Wurin da ake ruwan sama a fim, ko hayaƙi, ko kyamara na gudu, buƙatar tana iya ninkawa na 'yan daƙiƙu, a nan ne kuma ake tsayawa. Don haka a bar rarar kashi ɗaya cikin uku. Mai aikawar megabit 20 ya ware kimanin 13 don kallo, ya raba wa biyar, kowa bai kai 3 ba. Amsarsa 720p ce, ita ma da ƙyar, ko yana so ko ba ya so. Wanda ke kallo a cikin gidan da sabar take ba ya cikin wannan lissafin.

Masu sayen data su ma su riƙe wannan: megabit 8 a daƙiƙa daidai yake da gigabayit 3.6 a awa. Fim na awa biyu a kan megabit 4 zai ci gigabayit 3.6 a wurin kowane mai kallo, ya ci 18 a wurin mai sabar in su biyar ne.

Akwai wani ɓarawon layi da ake mantawa da shi, wato wayoyin mutanen gida da ke tura hotuna da bidiyo zuwa ma'ajiyar intanet da zarar an sa su caji da dare. Suna cika layin aikawa, umarnin SyncPlay ya shiga dogon layi yana jira. In rauta, wato na'urar da ke raba intanet a gida, tana da tsarin SQM mai hana layi cushewa, a kunna shi a sa iyakarsa kashi 85 zuwa 90 cikin ɗari na ainihin saurin aikawa. In ba ta da shi, a dakatar da turawar a daren kallo.

Yanzu ga fayil, inda muke ganin ya kamata a fi ɓata lokaci. Idan na'urar mai kallo ta san fasalin fayil ɗin, sabar miƙa shi kawai take yi yadda yake, aikin da ko tsohuwar kwamfuta za ta yi wa mutum goma ba ta ji a jikinta ba. Idan ba ta san shi ba, ko nauyinsa ya wuce iyakar da aka sa wa layi, dole sabar ta warware fim ɗin ta sake matse shi nan take, ana kallo tana juyawa, kuma kowane mai kallo da nasa juyin daban. A kallon mutum ɗaya wannan bai cika damuwa ba. A kallon tare kuwa masifa ce, domin duk lokacin da wani ya matsar da fim gaba ko baya, sabar za ta watsar da juyin da take yi ta faro sabo ga kowa a lokaci guda. Wanda ake miƙa wa kai tsaye ya shirya cikin daƙiƙa ɗaya, wanda ake juya wa ya ɗauki biyar ko goma, kowa ya zauna jiransa.

Abubuwan da ke jawo juyi sanannu ne. Na farko hoton HEVC, wanda ake kuma kira H.265: yana rage girman fayil sosai, amma ba kowace burauza ko tsohuwar waya ce ke buɗe shi ba. Na biyu sauti irin DTS da TrueHD, da burauza ba ta karantawa. Wannan da sauƙi, don juya sauti ba ya cin ƙarfi. Na uku, wanda ya fi yaudarar mutane, rubutun fassara. Na faifan Blu-ray mai suna PGS da na DVD ba rubutu ba ne, hotuna ne, kuma na'urori da yawa ba sa iya ɗora su da kansu, sai sabar ta manna su a jikin hoton, abin da ke tilasta juya fim ɗin gaba ɗaya. Fim yana tafiya lafiya, mutum ɗaya ya kunna fassara, komai ya tsaya cik. Na huɗu HDR, wato hoto mai ƙarin haske da launi: in aka juya shi ba tare da daidaita launi ba, hoton yakan fito a koɗe kamar an wanke shi, daidaitawar kuma tana cin ƙarfi.

Maganin duk wannan ɗaya ne, a yi juyin tun kafin ranar, sau ɗaya, a ajiye kwafin kallon tare. A ɗauki manhajar juya bidiyo, HandBrake ko FFmpeg, dukansu kyauta ne. Hoto ya zama H.264 mai bit 8, ba mai bit 10 ba, domin na'urori kaɗan ne ke buɗe H.264 mai bit 10 da injinsu. Sauti ya zama AAC na sifika biyu, kilobit 128 zuwa 192. Kwandon fayil ya zama MP4, a kuma dawo da taswirarsa farko don ya fara wasa ba tare da an nemo ƙarshensa ba; a FFmpeg ana yin haka da -movflags +faststart. A sa wa nauyin rufi, misali -maxrate 4M tare da -bufsize 8M, don wuraren ruwa da hayaƙin nan kada su yi tsalle su wuce ƙarfin layi. A kuma sa cikakken hoto, wato wanda bai dogara da na gabansa ba, ya riƙa zuwa duk bayan daƙiƙa biyu, wato -g 48 a fim mai hoto 24 a daƙiƙa, domin daga cikakken hoto na'ura ke iya farawa idan an tsallaka. In sun yi nisa da juna, komawa wuri guda yakan ɗauki lokaci. Fassara ta zama fayil ɗin SRT daban, mai suna iri ɗaya da na fim ɗin, a ajiye shi da tsarin UTF-8, in ba haka ba haruffa irin su ɓ da ɗ da ƙ za su fito a matsayin akwatuna ko alamar tambaya. A ba kowane fim jakarsa mai ɗauke da sunansa da shekararsa, don sabar ta gane shi.

Wanda ya yi wannan ba ya buƙatar babbar na'ura. Ƙaramar kwamfutar ofis da aka yi amfani da ita, mai furosesan Intel zubi na bakwai zuwa sama, ko sabuwa mai N100, da RAM gigabayit 8, ta wadatar. Dalilin ambaton Intel shi ne sashen Quick Sync da ke cikinsa, wanda ke juya bidiyo ba tare da ya wahalar da furosesa ba, don ranar da juyin ya zama dole. Ba ya kunna kansa, sai an zaɓe shi a saitin Jellyfin. A kan Linux kuma sai an ba manhajar izinin taɓa /dev/dri/renderD128, in tana cikin Docker, tsarin da ke killace manhaja a akwatinta, a shigar mata da shi. Da yawa sun sayi na'urar da ta dace amma furosesa ke ta haƙilo don an manta wannan. Ƙaramar kwamfutar nan Raspberry Pi 5 tana miƙa fayil lafiya lau, amma ba ta da injin matse H.264, don haka kada a dogara da ita wajen juyi. Manhajar da bayananta su zauna kan SSD, finafinai kan faifan ajiya na gargajiya, wanda gudunsa ya zarce abin da ake buƙata nesa ba kusa ba. Sabar ta hau kebul zuwa rauta, ba Wi-Fi ba. A hana ta barci. Ayyukan da Jellyfin ke yi a ɓoye, kamar binciken sababbin fayiloli da ciro ƙananan hotunan da ke fitowa in ana jan fim gaba, a mayar da su can tsakar dare bayan an tashi.

Batun wuta gajere ne. Na'ura mai cin wat 10 da ke kunne dare da rana tana shan kilowat-awa 7.2 a wata, tsohuwar babbar kwamfuta mai cin 80 kuma kusan 58. A sa ƙaramin UPS, wato batirin ko-ta-kwana, da zai riƙe sabar da rauta tare, domin yankewar wuta ana cikin rubutu na iya lalata kundin bayanan manhajar. A shiga BIOS, wato saitin tashin kwamfutar, a zaɓi sabar ta kunna kanta idan wuta ta dawo.

Sai yadda na waje za su iso. Kowace manhaja tana da lambar ƙofar da ake shigo mata ta ita: Jellyfin tana sauraro a ƙofa ta 8096, Plex a 32400. Tsohuwar dabara ita ce a buɗe ƙofar a rauta, amma kafin a wahala a duba abu ɗaya: a kwatanta adireshin da rauta ta ce kamfani ya ba ta da wanda shafukan duba adireshi ke nunawa. In sun bambanta, musamman in na rautar ya faɗa tsakanin 100.64 da 100.127, to kamfanin ya haɗa gidaje da yawa a bayan adireshi guda. Ana kiran wannan CGNAT, kuma shi ne abin da aka saba gani a layukan kamfanonin waya. A irin wannan layin, ko an buɗe ƙofa ɗari a rauta ba mai shigowa. Ga ƙaramin rukuni mun fi son Tailscale ko makamanciyarta: kowa ya saka ta a na'urarsa, ta haɗa su da sabar ta ɓoyayyar hanya, ba tare da an buɗe wa duniya komai ba. Abin lura shi ne wani lokaci ba ta samun hanya kai tsaye, sai ta bi ta tashoshin kamfanin Tailscale, waɗanda ba a yi su don ɗaukar bidiyo ba. Umarnin tailscale status yana nuna wanda ke kai tsaye da wanda ke zagaye. Mai zagayen nan, sau da yawa, shi ne mai tsayar da kowa.

Wanda ke da adireshi nasa kuma yana son mutane su shigo da burauza kawai, kada ya bar 8096 a buɗe tsirara, don kalmar sirri za ta riƙa yawo ba a rufe ba. Ya sa mai tsaron ƙofa a gaba, Caddy ko Nginx, a kan ƙofa ta 443 da takardar shaida daga Let's Encrypt. Nan ma akwai ramuka biyu. SyncPlay yana aika umarninsa ta WebSocket ne, hanyar da ke zama a buɗe tsakanin sabar da kowace na'ura. Caddy tana wucewa da ita da kanta, Nginx kuwa sai an rubuta mata layukan Upgrade da Connection. Alamar an manta ita ce fim yana wasa sumul a wurin kowa, amma in wani ya tsayar, saura ba sa tsayawa. Rami na biyu: in ba a rubuta adireshin mai tsaron ƙofar a saitin sadarwa na Jellyfin ba, za ta ɗauka duk mai shigowa ɗan gida ne, iyakar da aka sa wa na waje ta daina aiki.

Kowa a buɗe masa asusunsa, kada a raba kalmar sirri ɗaya, kada kuma a ba kowa na shugaba, wato asusun da ke da iko da sabar. A saitin kowane asusu ana zaɓar ko zai iya kafa rukunin kallo, ko shiga kawai, ko a hana shi. Kuma dole duk 'yan rukunin su sami izinin ganin jakar da fim ɗin yake. A riƙa sabunta manhajar. Kutsen da aka yi wa kamfanin ajiyar kalmomin sirri na LastPass a 2022 ya bi ne ta kwamfutar gidan wani injiniyansu, wadda ke ɗauke da tsohuwar Plex da ba a sabunta ba, alhali an toshe ramin tun 2020.

A ɓangaren masu kallo, ba kowace manhajar Jellyfin ce ke da SyncPlay ba, musamman na talabijin da akwatunansu. Burauza a kwamfuta da Jellyfin Media Player su ne abin dogaro. A bar shafin a gaba, don burauza tana rage wa shafin da aka tura baya ƙarfi, haka ma waya in tana yanayin tattalin batir. In ana hira ta murya a gefe, kowa ya sa iyafis, in ba haka ba sautin fim ɗin wani zai dawo ta makirfonsa da ɗan jinkiri, a yi zaton daidaitawar ce ta lalace. Iyafis na Bluetooth yana ƙara nasa jinkirin, sau da yawa kashi ɗaya ko biyu cikin goma na daƙiƙa. Iyafis mai kebul ya fi. Kuma a amince mutum ɗaya ne zai riƙa tsayarwa da ci gaba. In biyu suka danna lokaci guda, ɗaya ya tsayar ɗayan ya sake, sai a yi ta kai-komo.

Idan lissafin layi ya ƙi fita ko ta yaya, da muguwar rawa gara ƙin tashi: a bar aika fim ana kallo. Akwai wata manhaja daban mai suna Syncplay, ba ta Jellyfin ba duk da kamannin suna, wadda ke aiki da manhajojin kunna bidiyo irin VLC ko mpv. Kowa ya sauke fayil ɗin tun da rana ko jiya, ita kuma lokaci da umarni kawai take aikawa, abin da ko layi mai rauni zai ɗauka. Sharaɗinta fayil ya zama iri ɗaya sak. Tana kwatanta suna da girma da tsawo ta yi gargaɗi, kuma kada a raina gargaɗin. Kwafin da aka ɗauko daga DVD na tsarin PAL yana gudu da hoto 25 a daƙiƙa, na sinima kuma kimanin 24, bambancin kashi 4 cikin ɗari ke nan, kusan minti biyar a fim na awa biyu. Agogonsu zai nuna daƙiƙa ɗaya amma abin da ke kan allo daban.

Ba za mu rufe ba sai mun ce a kula da haƙƙin masu fim. Duk abin da muka faɗa don bidiyon iyali ne, da abin da mutum ya mallaka ko aka ba shi izinin nunawa, da ayyukan da wa'adin haƙƙinsu ya ƙare. Dokoki sun bambanta daga ƙasa zuwa ƙasa, amma mayar da sabar gida wurin raba aikin wasu ga duk wanda ya zo, balle a karɓi kuɗi, cin gumin mutane ne.

Kwana ɗaya kafin kallon, a tara kowa na minti goma a gwada, da na'urar da zai yi amfani da ita da layin da zai hau. Mai sabar ya buɗe allon shugaba, inda ake ganin kowane mai kallo da ko miƙa masa ake yi kai tsaye ko juya masa ake yi, da dalilin juyin. A kunna fassara, a tsallaka zuwa tsakiyar fim, a tsayar, a ci gaba. Duk wanda aka ga ana juya masa, a gyara fayil ɗin ko ya canza na'ura. Wanda layinsa ya kasa ɗaukar ko 720p, a ba shi fayil ɗin ya sauke tun da wuri, rukunin ya koma Syncplay a wannan daren.

Mun gode da ba mu fili. Wassalam.

Daga wasu masu aikin haɗa na'urori da layukan sadarwa.